Jijiyar da Ta Yi Ɓatan Kai

Litinin, 3 ga Maris

Na je hoton ciki. Na fita ne da niyyar in dawo shago da wuri, saboda rigunan 'yan makarantar nan da muka yi alkawari, ga shi Gajera, abokiyar ɗinkina, ko yanka ta za a yi ba ta iya kafa aljihu ya zauna daidai ba.

Mai ɗaukar hoton akwai fara'a. Ta shafa mini man nan mai sanyi tana ta zuba: ga kai, ga ƙashin baya, ga ƙafa, "wannan kam ɗan ƙwallo za a yi." Namiji ne. Har na fara tunanin yadda zan gaya wa Aku, 'yata da shekara shida ke nan ba ta rufe baki ba, cewa ta samu ƙanen da take damuna da shi.

Sai hirar ta mutu. Ta danna abin a wuri ɗaya, ta ɗaga, ta sake dannawa. Ta kunna wani launi, ja da shuɗi suna ta walƙiya a allon. Ta ce in juya hagu. Ta ce, "Ina zuwa." Ta dawo da wata babba, suka tsura wa allon ido, ba wadda ta kalle ni. Ni kuma ina kwance, ciki a buɗe, man yana bushewa.

"Ba mu ce akwai matsala ba," in ji babbar. "Akwai abin da muke so likitar zuciya ta duba."

Zuciyar wa? Na san amsar, amma sai da na tambaya.

Ban koma shago ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na haɗa hannun riga a baibai, na warware, na sake haɗa shi a baibai. Gajera ta zare rigar daga kan kekena ta gyara da kanta.

Baban Aku ya ce ƙila injinsu ne ya tsufa. Yana ɗaure igiyar takalmi ya faɗa, bai ɗago ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Babban asibiti, bene na uku, ɗakin ƙarshe. Likitar siririya ce, tabaranta rataye a wuya. Ta daɗe tana dubawa har bayana ya ƙage. Da ta gama ta jawo kujera kusa da mu ta zauna. Tun daga nan gabana ya faɗi, don mai labari mai daɗi a tsaye yake faɗa.

Bari in rubuta yadda na fahimta kafin ya gudu daga kaina. Zuciya tana tura jini ko'ina a jiki, amma ita ma nama ce, tana buƙatar nata rabon. Akwai ƙananan jijiyoyi biyu da ke kwance a jikinta suna shayar da ita. Ta yarona ta dama ta yi ɓatan kai. Maimakon ta rarrabu cikin naman, sai ta huda ta faɗa cikin ɗaya daga ɗakunan zuciyar, tana zubar da jinin a can. Shi ya sa ta kumbura. Likita ta ce a ka'ida ma ba a ganin jijiyoyin nan a ɗan tayi, sun fi zaren ɗinkina siranta. Tasa girmanta ne ya tona ta. Zuciyar tana aikin mutum biyu, har ta ɗan fi yadda ya kamata girma.

Ta ce abu ne da ba kasafai ake gani ba. A duk shekarun aikinta, kaɗan ta gani tun suna ciki.

Baban Aku ya ce, "To a gyara mana." Kamar famfo.

Ba a gyarawa yanzu. Jira za a yi, ana dubawa duk bayan mako biyu. Wasu sukan kai haihuwa lafiya. Wasu zuciyar kan gaji, ruwa ya fara taruwa a jikinsu, dole a ciro su kafin lokaci. Kuma ko an haife shi, babban gwajin yana bayan ya fara numfashi da kansa.

Na tambaye ta ko taka keke ne, ko zafin dutsen guga, ko maganin ciwon kan da na sha kafin in san ina da ciki. Ta ce a'a, a'a, a'a. Ta ce, "An yi sa'a da aka gani da wuri."

Sa'ar wa? Ni dai kafin wannan watan ina barcina.

Lahadi, 16 ga Maris

Yana ta shuri kamar ba shi ake magana a kai ba.

Asabar, 22 ga Maris

Na ce kada a gaya wa kowa tukuna. Baban Aku ya gaya wa mahaifiyarsa.

Mama ta zo da hantsi, ta zauna a bakin kujera jakarta a cinya, ta dube ni daga sama har ƙasa. Bayan gaisuwa, abin da ya fara fitowa daga bakinta: "A danginku akwai mai ciwon zuciya ne?"

Na ce babu. Ta ce su ma babu. Muka zauna muna kallon babu ɗinmu.

Da ta tafi na sauke masa duk abin da ke raina. Ya tsaya a ƙofar kicin yana saurare, da rigar aikinsa ta kashe gobara a kafaɗa. Da na gama ya ce, "Ni ma ina buƙatar wanda zan gaya wa." Ba ni da wurin ajiye tsoronsa, nawa ya cika gidan.

Alhamis, 27 ga Maris

Zuciyar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ba ruwa.

A wurin jira kujerun roba ne kore a jere, duk masu ciki, ba mai kallon wata. Sai wata guda, mai saƙa hula da zare rawaya, ta zungure ni da gwiwar hannu: "Ke me naki ya ɓata?" Haka kawai. Na gaya mata. Ta ce nata rabin zuciyarsa ce ba ta girma ba. "Ubansa ne ya gada, shi ma rabin zuciya yake aiki da ita." Na yi dariya har mutane suka juyo. Rabona da dariya tun ranar hoton farko.

Talata, 8 ga Afrilu

Aku ta ce me ya sa na daina barin ta ta kanga kunne a cikina. Ta sa masa suna Mai Shuri, tana ba shi labarin makaranta ta cibiyata. Na ce na gaji ne. Gaskiyar ita ce ba na son ta saba da shi.

Ni ma na daina yi masa magana. In ya motsa sai in ce alhamdulillahi a zuci, in ci gaba da abin da nake yi, kamar maƙwabci ne ya rufe ƙofa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Zuciyar ta ɗan ƙaru. Likita ta ce "kaɗan". Ina so in san kaɗan ɗin likita da kaɗan ɗin tela ko ɗaya ne. Mu in an ce a rage kaɗan, wani lokaci rabin rigar ake nufi.

Mai Saƙa ta gama hula ta koma safa. Ta ce ba ta shiga waya ta karanta komai, in ta matsu sai ta ƙara layi. Ni na karanta. Da ban karanta ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Tun da na tashi bai motsa ba. Na ce barci yake. Na je shago, na yanka wando, na yi kalmasa, ina jira. Shiru. Na sha ruwan sanyi. Shiru. Na danna gefen da ya saba tokarewa, na ji laushi kawai.

Ban san na miƙe tsaye ba sai da na ji almakashi ya faɗi. Gajera ta dube ni sau ɗaya, ta jawo ƙofar shagon ta datse, da mai gwajin riga a ciki sai da ta buga aka buɗe mata. Ta shiga tsakiyar titi ta tare mota da jikinta. A hanya tana riƙe da hannuna tana zagin duk wanda ya sha gabanmu. Ni ba na iya ko addu'a, kalma ɗaya nake ta maimaitawa, ban ma tuna wace ce ba.

Nas ta ɗora abin sauraro. Ƙarar iska. Ta matsar. Ƙarar iska. Ta matsar ƙasa, sai ga shi, da sauri da sauri kamar keke a hannun mai gaggawa.

Yana jin an danna shi ya kai wa nas ɗin shuri. Gajera ta ce, "Ɗan banza, ka sa na bar takalmina a titi." Da gaske ƙafarta ɗaya ba takalmi.

Na yi kuka har nas ta kawo mini kujera.

Asabar, 3 ga Mayu

Da la'asar ina wanke-wanke na hango Baban Aku ta taga, a bayan gida, durƙushe. Ya kwantar da 'yar tsanar Aku a kan tawul. Yatsu biyu a ƙirjinta yana dannawa, ya sunkuya ya hura mata iska a baki, ya sake dannawa. Ya ɗaga ta, ya kwantar, ya sake daga farko. Mutumin da ke koya wa sababbin ma'aikata wannan dabarar ta farfaɗo da numfashi.

Na kashe famfo na koma ɗaki don kada ya san na gani.

Da ya shigo ya ce, "A wurin aiki ko ba komai ina ganin wutar." Na matsa masa ya zauna kusa da ni.

Alhamis, 8 ga Mayu

Kujerar Mai Saƙa wata ce a kai. Na tambayi nas, ta ce ba sa maganar wata da wata.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na ga Mai Saƙa a layin karɓar magani. Da ƙyar na gane ta, ciki ya tafi, hannu ba komai. Na so in juya in ɓoye nawa cikin, ina zan kai shi? Ita ta kira ni.

Jaririnta kwanaki kaɗan ya yi a duniya. Ta ce ya sa hular, ta yi masa yawa. Ta ce, "Da ban sani ba tun farko, da kwanakin nan sun ƙare ina bin likitoci ina tambaya me ya faru. Da yake na sani, sai na zauna na kalle shi kawai."

Na ce Allah ya ba da haƙuri. Ta ce, "Ke dai ki daina wannan fuskar, naki jijiya ɗaya ce ta yi yawo, za a kamo ta."

Ita ce ke lallashina. Na hau bene wajen likita.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ruwa ya fara taruwa a gefen zuciyar. Siririn baƙin layi a allon, ko ni na gan shi. Likita ta cire tabarau ta ce ba za a ƙara jira ba, Talata za a ciro shi. Tiyata. Za a tanadi gado a ɗakin jarirai, ita ma za ta kasance a wurin.

Na ce ai bai kai ba. Ta ce, "A waje ina da hannu. A ciki ido kawai nake da shi."

Litinin, 9 ga Yuni

Mama ta zo za ta zauna da Aku. Ta buɗe jakar asibitina ta ga kayana ne kawai, ba ko riga ɗaya ta jariri. Tela guda. Ta dube ni, na jira maganar. Ba ta yi ba. Ta fita ta dawo da ledar kayan jariri, ta shirya su a ƙasan jakar, ta rufe da zanena yadda ba sai na gani ba.

Ina tsoron gobe. Ina tsoron jibi fiye da gobe.

Juma'a, 13 ga Yuni

Ya yi kuka. Wannan na ji da kunnena, ta bayan koren ƙyallen da suka tare ni da shi. Aka nuna mini shi kamar walƙiya, fuska a yamutse, baki a buɗe, aka wuce da shi. Na ce wa Baban Aku ya bi su, ya ƙyale ni.

Sai washegari aka tura ni a keken marasa lafiya. Yana cikin kwalba, wayoyi manne a ƙirji, wata 'yar fitila ja a ƙafa. Hancin Mama ne sak, ba wanda zai yi gardama. Na sa yatsa ta ramin kwalbar, ya kama. Ban shirya wa wannan ba. Duk watannin nan da na yi ina janye jiki, a banza.

Suka ce yana ƙoƙari. Ana ba shi maganin rage ruwa.

Talata, 17 ga Yuni

Jikinsa ya juya. Numfashi sama-sama, haƙarƙari na shiga yana fita, in ya kama nono sai ya saki, gumi ya tsattsafo a goshinsa kamar mai faskare. Jariri da gumi.

Likita ta ce abin da take jira ke nan: huhu ya buɗe, jinin da ke zuba ta ɓarauniyar hanyar ya ƙaru, naman zuciyar ba ya samun rabonsa. Ba za a tsaga ƙirji ba in Allah ya yarda. Za a bi ta jijiyar cinya da siririn bututu har zuciya, a sa ɗan abin toshewa a bakin ramin. Ta faɗi abin da ka iya faruwa. Abin zai iya zamewa, jini zai iya daskarewa a jijiyar, zuciyar za ta iya rikicewa. Ta faɗi na ƙarshen ma, ba ta kauce masa ba.

Babu wanda ya yi gudu, babu wanda ya tsaya neman wani. Komai a shirye, har girman abin toshewar sun auna tun yana cikina. Na lura da wannan. Ban ce na gode ba.

Juma'a, 20 ga Yuni

Jiya da safe suka shiga da shi.

Dogon baranda, benci ɗaya, ƙofa mai ɗan gilashi da ba a ganin komai ta cikinsa. Baban Aku ya kasa zama. Ɗinkin cikina yana ja, nono ya cika yana zuba ya jiƙe mini riga, na rasa yadda zan yi da kaina. Mama ta cire mayafinta ta rufa mini. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Tambayar da na yi miki ran nan, tsoro ne." Na ce na sani, Mama.

Duk wanda ya turo ƙofar sai in ɗago kai. Mai shara. Wani da tire. Mai shara kuma.

Da likita ta fito na kalli ƙafafunta, don na kasa kallon fuskar. Ba ta nemi kujera ba. A tsaye ta ce abin ya zauna. Na farko bai kama ba sai da suka canja, zuciyar ta yi tangal-tangal na ɗan lokaci ta dawo. Akwai ɗan yoyo da ya rage, ƙila ya rufe da kansa, ƙila a'a. Jijiyar tana nan a kumbure, zai sha maganin hana jini daskarewa, kuma shi da asibiti sun ƙulla ke nan har girmansa.

Baban Aku ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula. Mama ta ce, "Tashi, kana tare wa mutane hanya."

Lahadi, 6 ga Yuli

Mun dawo gida. A asibiti injin ke tsaronsa, a nan ni ce injin. Ina duba leɓɓansa a gaban taga, ina shafa goshinsa in yana shan nono, in ya yi barci mai nauyi sai na taɓa shi ya motsa. Ban yarda kowa ya ɗauke shi a tsaye ba. Aku ta yi atishawa na kore ta falo, ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe, ta ce, "Ai ni na fara saninsa."

Ba na barin ya yi kuka. Ina jin kamar kowane kuka daga zuciyar ake cirewa.

Alhamis, 14 ga Agusta

Zuciyar ta fara komawa girmanta. Yoyon yana nan. Ya yi nauyi, cinyoyi har da ninki. Likita ta ce in bar shi ya yi kuka, ba gilashi ba ne. Ita ba a gidanmu take kwana ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Na fara zuwa shago da shi, rabin yini. Yau ina gama guge rigar amaryar nan, farin leshi da muka yi mako muna fama da shi, mai ita tana hanya. Na shimfiɗa ta a babban tebur. Na kwantar da shi a ɗaya gefen in canja masa, na juya ɗauko tsumma, sai ji na yi Gajera ta ce wayyo. Ya saki fitsari sama kamar famfo, tun daga wuyan rigar har ƙugu.

Na ce, "Kai! Wane irin yaro ne kai? Duk faɗin teburin nan?" Da ƙarfi na faɗa. Ya tsorata ya ɓare baki, na bar shi yana yi na ruga da rigar wajen famfo, ina wankewa ina mita, shi yana tsala ihu, fuska ta yi jajir, ƙafafu na harbin iska. Sai da na matse ta na rataye sannan na dawo na ɗauke shi.

Gajera ta tsayar da kekenta tana kallona tana murmushi. Na ce mene ne? Ta ce ba komai.

Ban ga abin murmushi ba. Leshin bai bushe ba, amaryar ta zo ta yi mana tas, kuma gobe sai na sake guga.